Sauya Ƙafafun Kwansol na Siriyal a Ƙananan Allunan Maikrokwantrola: Me Ke Ƙaura, Me Ke Zama?

Tsakure

Maƙalar nan ta duba abin da ke faruwa idan mai haɗa na'ura ya ɗauke kwansol na siriyal daga ƙafafun da kamfani ya ajiye shi, ya mayar da shi wasu. An yi nazarin ne a kan allunan da ɗalibai da masu sha'awar lantarki suka fi riƙewa: Arduino Uno, ESP8266, ESP32, STM32F103 da Raspberry Pi Pico. Matsayin mai maƙalar shi ne umarnin sauya ƙafa yana aiki ne a kan manhajar da mutum ya rubuta kaɗai, bai isa ya taɓa abin da aka dasa a cikin IC tun daga masana'anta ba, kuma yawancin wahalar da ake sha daga rashin gane wannan take tasowa.

Gabatarwa

Allon maikrokwantrola ba shi da sikirin, ba shi da madannai. Idan manhajar da aka loda masa ta rikice, hanyar da yake gaya wa mai shi halin da yake ciki ita ce wayoyi uku: TX mai aikawa, RX mai karɓa, sai GND da ke haɗa ɓangarorin biyu a kan ma'aunin wuta guda. Sashen IC da ke kula da wannan magana shi ake kira UART, rubutun da yake fitarwa a kwamfuta kuma shi ne kwansol. Tsarin ya girmi allunan da ake magana a kansu nesa ba kusa ba. An fitar da ƙa'idar RS-232 a Amurka a 1960, gudun 115200 da kowa ke rubutawa a yau kuma gadon kwamfutar IBM ce ta 1981, wadda kiristal ɗin siriyal ɗinta ke bugawa sau 1,843,200 a daƙiƙa. A raba wannan da 16, a sami 115,200. Tunda kowane harafi bit goma yake ci, takwas nasa da ɗaya na buɗewa da ɗaya na rufewa, haruffa 11,520 ke wucewa a daƙiƙa guda.

Matsalar tana zuwa ne ran da aikin ya girma. Aka kawo na'urar GPS, aka kawo modem na GSM irin SIM800L don aika saƙon tes, aka kawo mitar auna wutar sola, kowannensu da siriyal yake magana. Wannan shi ne abin da ɗaliban injiniyanci a jami'o'i da kwalejojin fasaha na Kano da Zariya da Kaduna ke cin karo da shi a aikin kammala karatu, musamman masu haɗa na'urar bin diddigin mota ko ta kunna famfon borehol daga nesa. Ƙafafu sun yi kaɗan, sai ido ya koma kan biyun nan da kwansol ya zauna a kai.

Allon da ba ya yarda da ƙaura

Arduino Uno, wanda ya fito a 2010 daga aikin da aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005, yana ɗauke da ATmega328P. UART ɗaya tak gare shi, an kuma ɗaure shi ta cikin IC a ƙafa ta 0 da ta 1. Babu rajistar da za a taɓa ya matsa. Waɗannan ƙafafun dai su ne suka bi ta rezisto mai om 1,000 zuwa ƙaramin IC ɗin da ke haɗa allon da USB, ta nan kuma ake loda manhaja. Ɗalibin da ya soka TX na GPS a ƙafa ta 0 ya ba GPS ɗin rinjaye ba tare da ya sani ba, domin shi kai tsaye yake shiga, saƙon kwamfuta kuwa ta bayan rezisto yake zuwa. Sai ya danna lodawa, manhajar avrdude ta yi ta ƙoƙari har ta haƙura ta ce ba ta daidaita da allo ba. Zare waya ɗaya ke warware lamarin, amma mutane da dama sun sayi sabon allo kafin su gano haka.

A kan Uno, saboda haka, baƙon ne ke tashi. Laburaren SoftwareSerial yana kwaikwayon UART a kan wasu ƙafafun, sai dai kwaikwayon da tsada: ba ya aikawa da karɓa lokaci guda, idan an buɗe biyu ɗaya kaɗai ke sauraro, kuma yana riƙe maikrokwantrolan har harafi ya gama wucewa. A gudun 9600, wanda na'urar GPS ta NEO-6M ke zuwa da shi, kowane harafi yana cin fiye da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma a tsawon wannan lokaci sauran ayyuka jira suke. AltSoftSerial na Paul Stoffregen ya fi shi tsafta, amma ya kafe a ƙafa ta 8 da ta 9, ya kuma kama agogon Timer1. Kamfanin Arduino da kansa ya warware ƙullin a wasu allunan: Mega 2560 yana da UART huɗu, Leonardo da Uno R4 na 2023 kuma sun raba kwansol na USB da ƙafafun 0 da 1.

Muryar da ke riga manhaja fita

A nan ne maganar ta fi daɗin bincike. Kamfanin Espressif na birnin Shanghai ya fitar da ESP8266 a 2014, kuma a laburaren Arduino da aka yi masa akwai umarni guda, Serial.swap, wanda ke ɗauke UART0 daga GPIO1 da GPIO3 ya mayar da shi GPIO15 da GPIO13, wato D8 da D7 a allon NodeMCU. Layi ɗaya ne, kuma yana aiki. To amma kafin manhajar mutum ta kai ga wannan layi, IC ɗin ya riga ya yi magana. Akwai wata 'yar manhaja a ma'adanar ROM, wadda ba a gogewa ba a gyarawa, ita ke fara tashi da zarar wuta ta shiga, ta zuba bayanin dalilin kunnuwar allon a GPIO1. Tana lissafin gudunta bisa zaton kiristal mai megahaz 40 ne, alhali yawancin allunan mai 26 suke ɗauke da shi, don haka saƙon yake fita a gudun 74880. Wannan ne tarkacen haruffan da ake gani a sikirin duk lokacin da aka danna maɓallin RST. Wanda ya saita kwamfutarsa a 74880 zai ga rubutu ne mai ma'ana.

Ga mutum, tarkacen ba ya cutarwa. Ga na'urar da aka jona a GPIO1, labari ne daban: firinta ƙarama ta risit za ta iya buga shi a takarda, modem kuma ya ɗauke shi a matsayin umarni. Wannan ma shi ne babban amfanin Serial.swap, a kai baƙon inda surutun ROM ba ya zuwa. Sai dai sabon masaukin da sharaɗinsa. GPIO15 na cikin ƙafafun da IC ke leƙawa lokacin tashi don sanin daga ina zai ɗauko manhaja, kuma dole ya same ta babu wuta. Idan RX na na'urar da aka jona yana da rezisto mai jan layin zuwa bolt 3.3, allon ba zai tashi ba sam, kuma babu abin da ke cikin manhaja da zai nuna dalili, tunda ba a ma kai gare ta ba.

ESP32, ƙanen da ya zo a 2016, ya buɗe hanya sosai. UART uku gare shi, da wata mararraba ta cikin IC da ke iya kai kusan kowane sigina zuwa kusan kowace ƙafa. A Arduino, ana faɗin lambobin ƙafafun ne kawai a cikin Serial2.begin. Mai maƙalar yana ganin wannan sakewar ita ta fi jefa sababbin hannu cikin rami, domin kalmar kusan ɗin nan ta ɓoye abubuwa da yawa. Ƙafafu shida, daga GPIO6 zuwa GPIO11, su ke haɗa IC da ma'adanar filash inda manhajar kanta take. Kuma wurin zaman UART1 na asali GPIO9 da GPIO10 ne, a tsakiyarsu. Duk wanda ya buɗe Serial1 a tsofaffin laburaren Arduino bai faɗi ƙafa ba, allonsa faɗuwa yake ya sake tashi, ya sake faɗuwa. GPIO16 da GPIO17, gidan UART2, babu kowa a kansu a samfurin WROOM, amma a WROVER ƙarin ma'adanar PSRAM ta mamaye su. Daga GPIO34 zuwa GPIO39 karɓa kawai suke yi, sun dace da RX, ba za su taɓa zama TX ba. GPIO12 kuwa ta fi duka haɗari: idan IC ya same ta da wuta lokacin tashi, sai ya ba filash bolt 1.8 maimakon 3.3. Layin siriyal kuma, idan ba a magana, a sama yake zama, cike da wuta. Jona TX na GPS a GPIO12 ya isa ya hana allo mai filash na bolt 3.3 kunnuwa.

Masu kula da laburaren Arduino na ESP32, a fitowa ta 3.0 a 2024, sun sauya ƙafafun asali na Serial1 da Serial2. Gyara ne mai kyau, amma ya bar darasi: manhajar da ta dogara da GPIO16 da GPIO17 ba tare da ta ambace su ba, ta wayi gari tana magana ta wasu ƙafafun. Wanda ya rubuta lambobin da hannunsa bai ji komai ba.

Shi kansa kwansol ɗin ana iya matsar da shi a ESP32 ta menuconfig na ESP-IDF. Saitin yana shafar butloda ta mataki na biyu da manhajar mai aiki. ROM tana nan a GPIO1 da gudun 115200, sai dai a rufe mata baki ta hanyar riƙe GPIO15 babu wuta lokacin tashi. Lodawa da esptool ma har yanzu ta GPIO1 da GPIO3 take bi. Mai zana allon kansa da ya ba wa waɗannan ƙafafu wani aiki, bai bar hanyar kai wa gare su ba, ya yi kamar maigidan da ya toshe ƙofar zaure saboda ya fasa taga.

Haka abin yake a STM32F103, IC ɗin allon nan mai araha da ake kira Blue Pill. USART1 yana PA9 da PA10, ana mayar da shi PB6 da PB7 da bit ɗaya a rajistar AFIO_MAPR, muddin an tuna an kunna agogon AFIO tukuna. Idan ba a kunna ba, rubutun ba ya kamawa, ba kuma a samun gargaɗi. Butlodar ROM ba ta san da ƙaurar ba, a PA9 da PA10 take jira. PB6 da PB7 kuma su ne gidan I2C1, inda ake yawan jona ƙananan sikirin na OLED. Akwai wani tarko a rajistar da ya kamata a koya wa kowa: a cikinta, bit ɗin da ke kula da ƙafafun SWD, inda ake jona na'urar lodawa ta ST-Link, rubutawa kawai ake yi, karanta su ba ya ba da amsa tabbatacciya. Mai karanta rajistar ya ƙara bit ɗinsa ya mayar, yana iya kashe hanyar ST-Link a daidai lokacin da yake matsar da kwansol, ya rasa hanyoyi biyu a tashi ɗaya.

Pico a kusa

Raspberry Pi Pico ya fito a Janairun 2021 a kan dala 4, da IC na RP2040 wanda kamfanin ya zana da kansa a Kembirij ta Ingila. Yana tsakanin taurin Uno da sakewar ESP32. UART biyu gare shi, kuma kowace ƙafa aikin UART guda aka rubuta mata. Ana tafiya ne hurhuɗu: GP0 TX, GP1 RX, GP2 CTS, GP3 RTS, sannan a sake zagayowa. UART0 na iya aikawa ta GP0, GP12, GP16 ko GP28. UART1 ta GP4, GP8, GP20 ko GP24. RX na kowanne shi ne lambar da ke biye.

A ɗauki mai haɗa na'urar da ya sayi allon GPS na ɗorawa wanda aka riga aka ja masa layi zuwa GP0 da GP1, gidan kwansol na asali. Ba zai kankare layin tagulla ba, don haka kwansol ne zai tashi. Idan ya bar shi a UART0, ya kai shi GP12, bai yi komai ba: UART0 ɗin dai ɗaya ne, kuma GPS na bukatarsa a gudun 9600. Wannan kuskure ne mai yawan faruwa, ɗaukar cewa sababbin ƙafafu na nufin sabon UART. Dole kwansol ya koma UART1. GP4 da GP5 su ne I2C na asali a kayan aikin SDK, ƙila sikirin ya riga ya zauna. GP24 da GP25 suna cikin jadawalin IC, amma ba su fito gefen allo ba: ɗaya na lura da wutar USB, ɗaya na kunna 'yar fitilar allon. Saura GP8 da GP9, ko GP20 da GP21. Da a ce abin da ya mamaye GP0 da GP1 ba siriyal ba ne, da kwansol ya zauna a UART0, zaɓin kuma ya zama GP12 da GP13, domin GP16 da GP17 na SPI ne na asali, GP28 kuma abokiyarta GP29 tana ciki tana auna wutar VSYS.

Aikin kansa ba shi da yawa. Ko dai a kira stdio_uart_init_full a faɗi UART da gudu da ƙafafu, ko a sauya PICO_DEFAULT_UART da PICO_DEFAULT_UART_TX_PIN da PICO_DEFAULT_UART_RX_PIN a fayil ɗin CMake. Hanya ta biyu ta fi, a ganin mai maƙalar, domin tana kai labarin ga kowane sashe na SDK, ba ga layin da mutum ya tuna kaɗai ba. Abin lura shi ne yadda kuskure ke ɓuya. A harshen C, idan aka ba GP2 aikin UART da zaton za ta zama TX, IC ba ya musu, sai ya mai da ita CTS kamar yadda jadawali ya ce, a yi ta jiran rubutun da ba zai zo ba. MicroPython ya fi tausayi, yana ƙin karɓar ƙafar da ba ta dace ba nan take. Wanda kuma duk jadawalin ya ƙi masa, akwai sashen PIO mai injuna takwas, da za a iya mayar da biyu daga cikinsu TX da RX a kowace ƙafa ba tare da an danne maikrokwantrolan ba.

Abin da ya sa Pico ya dace da aji shi ne ROM ɗinsa ba ta dogara da UART. A riƙe maɓallin BOOTSEL, a soka USB, allon ya bayyana a kwamfuta a matsayin ma'adana mai suna RPI-RP2, a jefa masa fayil ɗin UF2. Duk ɓarnar da aka yi wa ƙafafun siriyal ba ta rufe wannan hanya.

Wannan ke sa wasu su ce a mayar da kwansol USB gaba ɗaya a huta. Ga aikin yau da kullum, shawara ce mai kyau. Amma USB yana ɗaukar lokaci kafin kwamfuta ta gane allon, saƙonnin farko su wuce babu mai gani. Kuma manhaja ce ke riƙe da shi, idan ta daskare shi ma ya mutu, a daidai lokacin da aka fi bukatar jin bayani. UART na ainihi kuwa, harafin da ya shiga layinsa zai fita ko da manhajar ta faɗi a bayansa. Kamfanin ma ya nuna ya yarda da haka: Debug Probe da ya fitar a 2023 yana da soket na UART kusa da na SWD, Raspberry Pi 5 kuma ya zo da soket na kwansol mai ƙafa uku shi kaɗai. Masu tsohon hannu ba su manta da 2016 ba, lokacin da Raspberry Pi 3 ya ba Bluetooth babban UART ya bar ƙarami a GPIO14 da GPIO15, ayyukan mutane da yawa suka daina magana.

Shi ma allon micro:bit na BBC, da aka yi don yaran makaranta, yana da nasa tarkon ƙaura: a MicroPython UART ɗaya gare shi mai zuwa kowace ƙafa. Da zarar an kira uart.init da sababbin ƙafafu, kwansol na USB ya yi shiru har sai an mayar da shi, saƙon kuskure ma ba ya fitowa ta can.

Gwaji kafin a rufe akwati

Mita ta gama-gari ta isa ta amsa yawancin tambayoyin. A sa baƙin tsinke a GND, ja a sabuwar TX: idan ƙaurar ta kama, za a ga bolt 3.3 ko da ba a aika komai ba. A sa allon ya riƙa aika babban harafin U ba tsayawa. Lambarsa 0x55 ce, sifili da ɗaya suna bin juna, har da bit na buɗewa da na rufewa, don haka mita za ta sauka zuwa wajen rabi, bolt 1.6 da 'yan kai. Sannan a haɗa TX da RX na allon da guntuwar waya, a ga ko abin da ya aika ya dawo masa. Sai bayan wannan a jona adafta ta USB, ko CH340 ce ko CP2102 ko FT232, TX zuwa RX, RX zuwa TX, GND zuwa GND. Mantuwar GND ita ke kawo rubutun da yake zuwa daidai yanzu, anjima ya lalace.

Ƙarfin wuta ba ya ƙaura da ƙafa. Uno da bolt 5 yake magana, RP2040 da ESP32 da 3.3, kuma ba a yi ƙafafunsu don ɗaukar 5 ba. Rezisto biyu, mai om 1,000 da mai om 2,000, sun isa su sauko da shi. Soket na RS-232 na tsofaffin kwamfutoci kuwa yana kaiwa har bolt 15 sama da ƙasa da sifili, kuma a juye yake, ba a jona shi sai ta IC irin MAX232.

Gwaji na ƙarshe, wanda aka fi tsallakewa, shi ne a cire wuta gaba ɗaya, a mayar, duk na'urorin suna jone. Ƙafafun da IC ke leƙawa lokacin tashi ba sa nuna halinsu idan an jona waya bayan allo ya riga ya kunnu.

Hukuncin mai maƙalar shi ne: muddin akwai UART na biyu, a bar kwansol inda ROM ta san shi, a matsar da baƙon. Idan ba makawa sai kwansol ya tashi, a rubuta lambobin ƙafafun ƙarara a cikin manhaja, a kuma rubuta su a jikin allon. Kira kuma ga malamai masu duba aikin ɗalibai: kada su sa hannu a zanen allon ESP32 ko STM32 da bai fito da TX da RX na asali da GND zuwa soket mai ƙafa uku ba, ko da ɗalibin ya ce ba zai bukace su ba.